A Koya wa Ɗaliban Kimiyyar Muhalli Yadda Ake Zama da Jama'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani fannin karatu da iyaye a nan Gombe suke yi wa kallon saura, wato kimiyyar muhalli. Yanzu ne yara ke jiran sunayensu su fito a jami'o'i, kuma na san gidaje da yawa za su kwana da ɓacin rai idan yaron da ya nemi likitanci ya tarar an tura shi sashen muhalli. Sai ka ji ana cewa an ba shi kwas ɗin shara. Ni tsohon malamin gona ne, na fara aiki tun zamanin tsohuwar jihar Bauchi kafin a yanki Gombe a 1996, kuma autata tana aji uku a wannan fanni. Maganata da iyaye ce da kuma malaman jami'a. Karatun nan yana da amfani ƙwarai a ƙasarmu, amma amfanin ba zai fito ba muddin ana yaye ɗaliban da suka iya auna gubar da ke cikin ruwan rijiya, ba su iya zama da masu rijiyar su fahimtar da su ba.

Ga iyayen da ba su san me ake koyarwa a ciki ba, karatun ya haɗa ilimin sinadarai da na halittu, da sanin ƙasa da duwatsu, da yanayin sama, da zana taswira a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan'adam, da dokokin kare muhalli. Ba wasa ba ne, na ga littattafan yarinyar nan, lissafin da ke ciki ya fi ƙarfina. Wuraren karatu kuwa ba mu rasa ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, wadda aka kafa a 1980, tana da tsangaya guda ta fasahar muhalli. Ga Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011, inda mai sha'awa zai iya bi ta labarin ƙasa ko ilimin halittu ya iso ga wannan aiki. Dokoki ma akwai su. Tun da aka kama wani kamfanin Italiya ya jibge gangunan guba a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta binciken illar kowane babban aiki kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Duk suna nan a rubuce. Ɗan kasuwar hatsi da mai unguwa da matar da ke hura wuta da safe ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, alhali a hannunsu muhallin yake.

Abin da na lura da shi a karatun 'yata, kuma ƙawayenta na wasu makarantu sun ce haka nasu yake, shi ne haɗuwarsu da jama'a ba ta wuce takardar tambayoyi. A ba ɗalibi takardu ya shiga unguwa, ya tambayi magidanta inda suke zubar da shara da inda suke ɗiban ruwa, ya koma ya zana jadawali, a ba shi maki. Mutanen da suka amsa ba sa ƙara jin ɗuriyarsa. Akwai unguwannin da ke bakin kwari a garin nan waɗanda in suka hango matashi da takardu a hannu sai su ce, “Kun sake dawowa ke nan?” Kuma suna da gaskiya. An ɗebi lokacinsu an yi digiri da shi, ba a mayar musu da komai ba.

Bari in ɗauki maganar wake, domin ita na fi sani. Kowa ya san Gombe kasuwar hatsi ce, Tudun Hatsi ba ta rabuwa da manyan motoci masu lodi zuwa Kudu. Kowa kuma ya san abin da wasu ke zuba wa wake don kada ƙwaro ya huda shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya kasuwanninta saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a ciki. Turawa sun ƙi ci, mu kuwa muka ci gaba da yin ƙosai da alale da shi. Autata ta karanta wannan a aji, ta dawo hutu da zafinta, ta samu ƙanen mahaifiyarta wanda sana'arsa ke nan, saye da ajiyar wake. Ina zaune ta fara jero masa illar maganin ga jijiyoyi da numfashi, da abin da yake yi wa ƙananan yara. Duk abin da ta faɗa daidai ne. Ya bari ta gama, sannan ya ce, “To 'yata, na ji. In na bar maganin, buhu ɗari suka huje kafin bazara, ke za ki biya ni ko malaminku?” Ta ce, “Kawu, ai lafiyar mutane ta fi kuɗi.” Ya yi dariya ya tashi ya tafi masallaci.

Ba mugun mutum ba ne kawun nata. Jarinsa ne a cikin buhunan, kuma ba wanda ya zo masa da hanyar da za ta tsare jarin. Alhali hanyar tana nan, mun yi aikinta da hannunmu. Buhun nan mai ninki uku da masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, wanda aka fara yaɗawa a yankinmu daga 2007, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba ko ɗigon magani. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa ana rufewa, a kuma ɗora shi a kan katako nesa da ɓera.

To amma ba da wannan bayani aka shawo kan manoma ba. Ranar da aka sa, sai a taru a ƙofar gidan dagaci, wasu manoma su kawo waken kansu, a zuba a gaban kowa, a ɗaure, kowa ya koma da nasa gida. Bayan wata huɗu ko fiye a sake tara mutanen nan dai, a kwance buhunan a bainar jama'a, a ajiye kusa da waken da aka bari a buhu na kullum. Malamin gona ba ya buƙatar ya ce uffan a ranar, gani ya kori ji. Dabarar sa manomi ya kawo nasa waken, ya ajiye a ɗakinsa, ita ce ta toshe bakin mai cewa an yi rufa-ido. Wanda ya tsara hakan ya san mutane kamar yadda ya san ƙwaro. Wannan sanin shi nake cewa a koyar a jami'a da gangan, a yi masa darasi da jarrabawa, kada a bar shi sai wanda Allah ya hore wa baki.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega. Maza na haƙo dutsen zinare su kawo gida, ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Illar dalma ga yara ba sabon ilimi ba ne, tana cikin littattafai tun da daɗewa. Ba ta dai isa tsakar gidajen nan ba sai da likitocin agaji na MSF suka ga yawan ƙananan kaburbura. Ko da aka zo gyara, kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba yara magani bai wadatar ba, sai da aka zauna da sarakuna da masu haƙar aka shawo kansu su fitar da niƙan daga cikin gari. Shekara biyar bayan haka, a 2015, irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mu ma nan kusa ana haƙar ma'adinai da diga da shebur a wajajen Toro da Ningi. Wa ke zuwa yana yi musu bayani?

In dawo gida Gombe. Garinmu a gangare yake, ruwa na tahowa daga tudun yamma ya nufi gabas, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Kowane sabon rufin kwano da kowace tsakar gida da aka shafe da siminti ƙari ne ga ruwan da ba zai nutse ba, sai dai ya bi hanya da gudu. Shi kuwa kwari ta kansa yake cin ƙasa, yana ja da baya kowace damina har ya iso gindin katanga. An kashe kuɗi mai yawa. Shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa wa ya gyara kwarin da ya bi ta Jami'ar Jiha zuwa Malam Inna da Kagarawal, wani shirin kuma na farfaɗo da ƙasa mai suna ACReSAL ya kama na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Aiki ne mai kyau, wanda ya san wuraren nan a da ba zai yi gardama ba. Sai dai injiniya in ya gama zuba kankare tafiya yake yi. Waɗanda suka rage su ne mai baro da zai juye shara a magudana da asuba, da mai tifa da ke ɗiban yashi a gindin ginin, da mai fili da zai matso da katangarsa taku uku cikin hanyar ruwa. Kowannensu yana da hujjarsa. Mai sharar zai ce maka ba a ajiye masa wurin zubarwa ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Ana buƙatar wanda zai ji wannan hujja, ya kai ta inda ya dace, ya dawo ya zauna da mai unguwa da matasa a tsara wanda zai kula da wane yanki, a nuna musu yadda ake dasa jema a gefen kwari saboda saiwarta na nutsewa ƙasa ta riƙe ta. Ba aikin injiniya ba ne wannan, ba kuma na ɗan sanda ba.

Haka batun itatuwa. Shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya sa burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara, kuma Gombe da Bauchi duk suna cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa. Na yi murna da shi. Amma duk wanda ya taɓa renon dashe ya san ranar dasawa ita ce mai sauƙi. Wahalar tana watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa, ruwa ya yi tsada, awaki kuma ba su da wani ɗanyen ganye sai shi. Itacen da ba a damƙa wa wani mutum takamaimai ba, da wuya ya ga damina ta biyu.

A nan nake so malaman jami'a su kai ɗalibansu Maraɗi, ko da a cikin darasi ne. Can ma Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu bushewa. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da tsohuwar saiwa a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi, ba gandun reno, ba ban ruwa. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya ɗauki shekaru shi ne manomi ya yarda a bar itace a gona ba tare da maƙwabta sun kira shi malalaci ba, ya kuma tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sari reshe. Da wannan ya zauna, manoma da kansu suka riƙa koya wa juna, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Yawancinsu ba wanda ya dasa su.

Kuma kada ɗalibi ya ɗauka shi kaɗai ya zo da sani. Tsohon manomi a Dukku ko Nafaɗa zai gaya maka gero ya fi kyau a gindin gawo, kuma ya san dalili: gawo na zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yan suna barin kashi. Bafulatanin da ke kiwo a makiyayar Wawa-Zange ya san ciyawar da ta ɓace a shekarun nan da wadda ta maye gurbinta, ya fi kowace taswira sanin rafin da ya daina riƙe ruwa. Yaron da aka koya wa tambaya da sauraro zai dawo da abin da malaminsa ma bai sani ba.

Ba na cewa magana na maganin komai. Mai sayar da gawayi ya san kirya da marke suna ƙarewa, shi ne ma ya fi kowa sani, tunda kowace shekara sai ya ƙara nisa kafin ya samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidajen da suka saba da gas da yawa sun koma gawayi. Ka je ka yi wa irin wannan magidanci wa'azin sare itatuwa, zai saurare ka don kunya, gobe ya aiki yaro ya sayo na ɗari biyar. Mai wayar da kai na gaskiya da abin hannu yake zuwa: murhun da ke rage cin itace, ko yadda ake curin gawayi da karan masara da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, kuma ya san farashin kowanne a kasuwa. In ba shi da abin da zai ba mutane a madadin wanda yake so su bari, gara ya koma ya ƙara bincike.

Akwai wani gibi da na gani da idona a aikinmu na da. Gombe na cikin wurare uku, tare da Funtua da Gusau, da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, kuma tsarin da muka gada mai kyau ne: duk mako biyu a tara malaman gona a ba su horo, su hau babur su zaga manomansu, a yanki ɗan fili a gefen gonar mutum a gwada sabon iri kowa na gani. Amma kusan dukkanmu maza ne, iyakarmu zaure. Sai daga baya aka kafa sashen mata. Alhali yawancin abin da ake kira matsalar muhalli a cikin gida yake: hayaƙin murhu, randar ruwan sha, makwararar wanka, inda ake zubar da bayan-gidan yara, galan ɗin maganin feshi da aka ɗauraye aka mayar na man gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutane wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. Namiji baƙo ba zai shiga madafar matar aure ya duba inda hayaƙi ke fita ba. Mace za ta shiga, ta zauna a kujerar tsugunne, a yi hira ana tankaɗe. Saboda haka uban da 'yarsa ta samu wannan kwas, kada ya ce a jira baɗi a sake JAMB. Akwai aikin da ita kaɗai za ta iya.

Wanda ke shakkar cewa zama da mutane na canza hali ya dubi ƙaramar hukumar Dass a jihar Bauchi, wadda ta shiga sahun farko na waɗanda aka tabbatar sun daina bahaya a fili, ya dubi Jigawa da ta zama jiha ta farko a 2022. Ba gwamnati ce ta bi gida-gida tana gina masai ba. An tara mutanen gari ne, suka zaga da ƙafarsu suka ga inda ƙazanta take da yadda ƙuda ke dawo da ita cikin tuwo, suka yanke wa kansu hukunci.

To me nake roƙon jami'o'inmu? Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ga ƙofa a buɗe. A sa darasin wayar da kan jama'a a ciki, mai maki kamar kowane darasi, domin na san halin ɗalibai, abin da ba ya cikin sakamako ba sa ba shi muhimmanci. A haɗa kowane rukuni da unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya tun daga aji biyu, su riƙa komawa wurin har su gama, mutane su san fuskokinsu. Kada a karɓi kundin kammala karatun ɗalibi sai ya koma inda ya yi binciken ya faɗa musu abin da ya gano, da harshen da suke ji, malaminsa na zaune yana kallo. Jiharmu ba Hausa kaɗai ake yi ba, akwai Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci, kuma a kowane aji akwai 'ya'yan waɗannan harsuna. A koya musu shirya minti biyar na rediyo, da saƙon murya na WhatsApp da tsohuwa za ta saurara har ƙarshe. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ruwa zai zauna da inda ake tsoron zai ɗauke a tsakiya, ɗalibai ne ya kamata su kai shi majalisun manoma kafin mutum ya binne irinsa a ruwan farko ya yi asara. A kuma koya musu ladabin shiga gari: a fara da hakimi ko dagaci, a gaida liman, a Billiri da Kaltungo a nemi fasto, kada a sa taro ranar kasuwa ko lokacin da kowa ke gona. Liman ɗaya da ya gamsu ya kawo hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, ya fi kwalayen sanarwa dubu.

Na san abin da wasu malamai za su ce, domin wani abokina da ke koyarwa ya riga ya faɗa mini: jami'a wurin kimiyya ce, ba a kafa ta don horar da sankira ba, kuma kuɗin motar kai yara ƙauye ma babu. Maganar kuɗi gaskiya ce, amma kwari da bola da kasuwar hatsi duk suna inda Keke Napep ke zuwa. Maganar kimiyya kuwa, ba na neman a rage ko awa ɗaya ta ɗakin gwaji. Wanda bai ƙware ba in ya fita wayar da kai, ɓarna zai yi, gara ma bai je ba. Amma masanin da ya gano abu ya rufe a kundi, kamar likita ne da ya gano cutar majiyyaci ya rubuta ya kulle a durowa.

Ga kuma abin da ke tafe. A Nuwambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo man fetur na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. Ko aikin ya yi sauri ko ya yi jinkiri, mutanen Alkaleri da Akko za su zauna da shi. Ƙa'ida ta ce a baje rahoton binciken illar babban aiki na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Rahoton kan zo da kauri, da Turancin masana, a ajiye shi a ofis. Manomin da rijiyarsa da gonarsa ke cikin maganar ba zai karanta ba, ba zai ma ji an ajiye ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar mai a can na iya cin shekara 25 zuwa 30. Ina so a ce kafin a kai ga haka muna da 'ya'yanmu da za su iya karanta irin wannan rahoto, su tsaya a gaban dattawan garinsu su ce ga abin da aka yi alkawari, ga abin da za ku tambaya, su kuma auna ruwan rijiyoyin tun yanzu don a san yadda yake kafin a fara. Haka ma garuruwan da ke kewaye da simintin Ashaka da kwal ɗin Maiganga.

Iyaye za su tambaye ni aiki, kuma ba zan yi musu daɗin baki ba. Ba kwas ba ne da ake gamawa a tarar da kujera na jira. Akwai ma'aikatun muhalli da hukumomin kare muhalli irin su GOSEPA ta Gombe da BASEPA ta Bauchi da NESREA, akwai kamfanonin da ke rubuta rahoton binciken illa, akwai ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa da tsafta, akwai gandun daji irin Yankari, akwai koyarwa. Guraben ba su kai yawan masu nema ba, kamar kowane fanni a yau. Sai dai a ɗan zaman da na yi da masu irin waɗannan ayyuka, wanda suke wahalar samu shi ne mai takardar da zai iya tara mutane a gindin bishiya su saurare shi, ya kuma dawo ya rubuta rahoto mai ma'ana. Uban da zai raka ɗansa rajista ya tambayi sashen ko suna fita da ɗalibai cikin gari, kuma sau nawa a zango. In lokacin sanin makamar aiki ya zo, kada a nema wa yaro ofis mai sanyi inda zai wuni yana sa hannu a rajista, a tura shi inda ake fita.

Kai ma Malam Edita ina da roƙo a wurinka. Ka ware ɗan fili a jaridar nan, ko sau ɗaya a wata, inda ɗalibin muhalli daga Gombe ko Bauchi ko Kashere ko Gaɗau zai rubuto da Hausa abin da ya gano a bincikensa, da sunan unguwar da abin da mazauna wurin suka ce da ya koma musu. Ku gyara masa rubutun in ya karkace, ku mayar masa in ya cika shi da Turanci. In kun buɗe filin, ni zan ɗauki nauyin kai sanarwar sassan da ke nan Gombe da ƙafata.

Na gode da ba ni dama. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin gona,
Tudun Wada, Gombe.